Tambayoyi da Amsoshi Kan Koyon Saƙar Sifirang ta Hanyar Ƙananan Ayyuka

Saƙar sifirang, wadda a harsunan Turai ake rubuta sunanta sprang, tana cikin tsofaffin hanyoyin da ɗan Adam ya bi wajen mayar da zare sutura. Masu sha'awar koyonta sukan yi ta maimaita tambayoyi iri ɗaya a makonnin farko, shi ya sa aka tattaro su a nan bisa jerin da mai koyo yakan ci karo da su.

Mece ce saƙar sifirang, kuma me ya raba ta da sauran saƙe-saƙe?

A saƙar masaƙa da kowa ya sani akwai zaren tsaye da aka yi wadarinsa, akwai kuma zaren kwance da ƙoshiya take ratsawa da shi. A sifirang babu zaren kwance ko ɗaya. Zaren tsaye kaɗai ake miƙewa a kan firam, a ɗaure shi sama da ƙasa, sannan a riƙa sarƙa kowane zare da maƙwabcinsa da yatsu, kamar yadda wayoyin shingen ƙarfe mai idanu suke sarƙe da juna. Ba a ƙulla komai, saboda haka ta bambanta da ragar kamun kifi, kuma ba zare ɗaya ake ja cikin madauki ba, saboda haka ta bambanta da kwarashi.

Abin da ya fi ɗaure wa sabon shiga kai shi ne, tun da kan zaren a ɗaure yake ta ɓangarori biyu, duk murɗin da aka yi a sama sai takwaransa ya fito a ƙasa. Mai saƙa yana yin sahu ɗaya, amma sahu biyu yake samu, kuma rabin ƙasa yana zama tamkar hoton rabin sama a madubi. Haka saƙar za ta riƙa tahowa daga sama da ƙasa har ɓangarorin biyu su haɗu a tsakiya. Wanda ya riƙe wannan a ransa ya gama da rabin wahalar koyo, domin kusan duk wata ƙa'ida ta wannan saƙa daga nan ta taso.

Daga ina ta samo asali?

Kalmar daga harsunan ƙasashen Sikandinebiya ta fito, amma sana'ar ba ta wata ƙasa ɗaya ba ce. Ɗaya daga cikin tsofaffin samfuran da suka rage ita ce ragar gashi ta wata mata da aka tono a shekarar 1871 a Borum Eshøj da ke ƙasar Danmak, a cikin akwatin gawa na gungumen itace, wadda ta haura shekara 3,300. A Masar an samu huluna da ragunan gashi masu yawa na ulu da lilin daga zamanin Kibɗawa, wato Kiristocin Masar, tsakanin ƙarni na 4 da na 7 Miladiyya, wasunsu da launuka da zane mai ban sha'awa. An same ta a tsoffin kaburburan Peru, an kuma samu wata riga ta auduga mai ado kamar leshi a kogunan dutse na Tonto da ke jihar Arizona a Amurka. A yankin Punjab na Indiya da Pakistan an daɗe ana saƙa mazagin wando da ita.

A yawancin Turai ta yamma sana'ar ta ɓace bayan da injunan saƙa suka bazu, har ta kai masu binciken kayan tarihi sukan ɗauki gutsattsarinta a matsayin wata saƙar daban. Sai da masana irin su Margrethe Hald ta Danmak suka zauna suka bi zaren tsofaffin kayan ɗaya bayan ɗaya sannan aka sake fahimtar yadda aka yi su.

Waɗanne kayan aiki ake bukata kafin a fara?

Kaɗan ne ƙwarai. Ana bukatar firam mai kusurwa huɗu wanda ba ya lanƙwasa, kuma tsohon firam ɗin hoto da aka cire wa gilashi ya wadatar, muddin tsawonsa ya kai kimanin santimita 60. Sai sanduna biyu sirara masu santsi waɗanda za a nannaɗe zaren a kansu, da wasu tsinkaye huɗu ko biyar na tura saƙa, da igiya mai ƙwari, da ƙugiyar kwarashi, da allura mai faɗin ido marar tsini.

Abu ɗaya ne ba a sassauci a kansa: kada a ƙusance sandunan biyu a jikin firam. Dole a rataye aƙalla ɗaya da igiyar da za a iya sassautawa, domin duk sahun da aka saƙa yana cin tsawon zaren, sandunan suna matsowa kusa da juna. Idan ba a bar musu hanyar matsowa ba, zaren zai yi tauri har yatsu su kasa shiga, daga baya ya tsinke ko firam ɗin ya karkace.

Wane irin zare ya dace da mai koyo?

Zaren auduga mai santsi, mai ƙarfin murɗi, mai matsakaicin kauri. Ulu mai gashi-gashi yana manne wa juna, sahun ba ya sauka ƙasa da sauƙi, kuma warware kuskure a cikinsa yana cinye lokaci. Zare mai baƙi ko shuɗi mai duhu yana ɓoye mahaɗar zare, saboda haka a fara da launi mai haske. Shawarata ita ce a yi wadari da launi biyu a jere, zare huɗu na wannan, huɗu na wancan. A saƙar sarƙe ta asali kowane zare yana kai da komowa ne tsakanin maƙwabtansa biyu kawai, ba ya tafiya nesa, don haka launukan suna fitowa a matsayin ratsi a tsaye. Da zarar an ga wani zare ya tsallaka cikin ratsin da ba nasa ba, an san hannu ya kuskure a wurin.

Yaya ake yin wadarin?

Ana ɗaure kan zaren a sandar ƙasa, a kai shi sama a zagaya sandar sama, a dawo ƙasa, ana gitta shi a tsakiya kamar lamba 8. Wannan gittawar ita ce take jera zaren, ɗaya gaba, ɗaya baya, ta kuma hana su cakuɗewa. A ƙarshe a ɗaure ƙarshen zaren a sandar da aka fara, ta haka adadin zai zama mai rabuwa biyu daidai, wanda shi ake so. Tazarar da ke tsakanin zaren gaba da na baya ita za mu kira ƙofa a wannan shafi. Ya kamata zaren ya miƙe ba tare da ya yi tauri ba, yadda tafin hannu zai shiga ƙofar ba tare da an tursasa ba, kuma kowane zagaye ya zama daidai da ɗan'uwansa wajen ɗauri, domin zare ɗaya da ya saki yakan bar alamarsa daga farkon saƙa har ƙarshenta.

Yaya ake saƙa sahun kansa?

Sahu iri biyu ne, kuma ana karɓa-karɓa tsakaninsu har a gama. A sa hannun hagu cikin ƙofa, zaren gaba suna kwance a kan yatsu, na baya suna bayan hannu, sannan a fara daga gefen dama.

A sahun farko, hannun dama zai ɗauko zare biyu daga baya ya fito da su gaba, sannan a saki zare ɗaya na gaba ya koma baya. Daga nan sai a ci gaba da ɗauko ɗaya daga baya, a saki ɗaya daga gaba, har a kai gefen hagu, inda za a tarar zare biyu sun rage a gaba, sai a sake su tare. A sahu na biyu kuwa ɗaya ake ɗaukowa, a saki ɗaya, tun daga farko har ƙarshe. Wannan bambanci na bakin sahu shi ne yake sa zare ya sarƙe da maƙwabcinsa na dama a wannan karo, ya sarƙe da na hagu a karo na gaba. Idan aka yi ta maimaita sahu iri ɗaya, zaren zai riƙa murɗewa da abokin tafiya ɗaya kawai, sai a samu igiyoyi a jere maimakon ƙyalle.

Idan mutum ya duba da kyau yayin da yake aiki, zai ga ɗan yatsa da babban yatsan dama ne suke tsinto zaren baya, yayin da babban yatsan hagu yake zame zaren gaba ɗaya-ɗaya kamar mai ƙirga takardu. Zaren da aka ɗauko suna taruwa a kan yatsun dama, kuma su ne suke zama sabuwar ƙofa. Da an kai ƙarshen sahu sai a zura tsinke a wannan sabuwar ƙofar, a tura murɗin sama ya zauna a wurinsa, sannan a ja ƙofar ƙasa har takwaran murɗin ya isa sandar ƙasa, a danna shi da ƙarfi daidai da na sama. Masu koyo da yawa suna kula da rabin sama su manta da na ƙasa, sai a ƙarshe su ga ɓangare ɗaya ya fi ɗaya tsawo da sakwarkwacewa.

Mene ne zaren tsaro, kuma dole ne a yi amfani da shi?

Dole ne, musamman ga mai koyo. Zaren tsaro wata igiya ce mai launi daban da ake zurawa cikin ƙofa bayan kowane sahu, a ɗaure bakinta. Dalili shi ne, har sai an kulle tsakiya, babu abin da yake riƙe da saƙar sai abin da ke cikin ƙofa. Murɗin sama da na ƙasa kishiyoyin juna ne, idan suka haɗu sai su warware juna, zaren ya koma a miƙe kamar ba a taɓa shi ba.

Na ga wannan da idona a ƙaramar jakata ta farko. Na kai sahu na goma sha huɗu, na jingine firam a bango na tashi, tsinken da ke cikin ƙofa ya zame ya faɗi. Kafin in dawo sahu biyu na ƙarshe sun saki, kuma na rasa wane zare ne na gaba, wane ne na baya. Sai da na shimfiɗa firam a kan farin ƙyalle, na bi mahaɗar zaren da bakin allura ɗaya bayan ɗaya, sannan na gano ƙofar da ta rage lafiya. Tun daga ranar nake barin igiyoyin tsaro biyu, ɗaya a sahun da na gama, ɗaya a wanda ya gabace shi, domin idan kuskure ya bayyana ina da wurin komawa.

Da wane aiki ya kamata a fara?

Da ɗan siririn ɗauri mai zare 20 ko 24, wanda za a iya gamawa a zama ɗaya ko biyu. Amfaninsa shi ne hannu ya saba da sahun nan biyu, ido kuma ya koyi gane saƙa mai lafiya, wato idanu masu siffar lu'u-lu'u a jere, girmansu ɗaya, idan aka buɗe ƙyallen ta faɗi. Ban ga hikimar a daɗe ana gwaji a kan abin da ba za a kammala ba, domin wanda bai taɓa kai saƙa tsakiya ya kulle ta ya cire daga firam ba, bai san sifirang ba tukuna, komai yawan sahun da ya yi. Ƙaramin aiki yana kai mutum ga kowane mataki da wuri, kuma idan ya lalace asarar zaren ba ta da yawa.

Yaya ake gamawa idan saƙar ta haɗu a tsakiya?

Yayin da ɓangarorin biyu suke kusantar juna, wurin sa hannu yana ƙanƙancewa, sai a koma ɗaukar zare da tsinke ko ƙugiyar kwarashi. Idan tazarar ta rage kamar faɗin yatsa biyu, akwai hanyoyi da yawa na kullewa. Ana iya sa ƙugiya a jawo zare na biyu ta cikin na farko, na uku ta cikin na biyu, har a yi sarƙa daga gefe zuwa gefe, sannan a ɗaure madaukin ƙarshe da ɗan zare. Wannan hanya tana barin ƙyallen da taushinsa. Ana iya zura igiya cikin ƙofar ƙarshe a ja ta tsuke, wanda ya dace da gindin jaka ko tsakar hula. Ana kuma iya ratsa zaren kwance sau biyu ko uku da allura, ko kuma a bar tazara mai tsawo a yanke zaren a tsakiya a ƙulle bakinsa ya zama geza, sai a samu ƙyalle biyu masu kama da juna.

Bayan ɗaurin farko, sai me?

Sai ƙaramar jaka, kuma a ganina ita ce aikin da ya fi koyar da mutum dabarar wannan saƙa, domin kowace sifa ta sifirang tana da aikin yi a cikinta. Ana yin wadari da zare kamar 40, a saƙa har tsakiya, a kulle da sarƙa, sannan a ninke ƙyallen a kan wannan layin ya zama gindi. Madaukan da suka rage a sama da ƙasa bayan an zare sanduna su ne bakin jakar, kuma ta cikinsu ake zura igiyar zugewa. Yana da kyau a zura igiyar tun sandar tana ciki, sannan a zare sandar, don kada madaukan su murɗe su ɓace. Abin da ya rage shi ne ɗinke gefe biyu da allura, ana ɗaukar zaren baki ɗaya daga wannan gefe, ɗaya daga wancan, ba tare da an ja da ƙarfi ba. Jakar da take kamar siririyar safa idan babu komai a ciki za ta buɗe ta ɗauki abin da ya ninka faɗinta.

Daga jaka sai hula ko ragar gashi, wadda tsarinta kusan ɗaya ne, sai dai tana neman zare mai yawa da kuma awo. Daga nan sai safar hannu marar yatsu, inda saƙa ɗaya take ba da guda biyu idan an yanke tsakiya, kuma ita ce take koyar da barin tsaga domin babban yatsa.

Me ya sa ƙyallena yake nannaɗewa kamar igiya idan na cire shi daga firam?

Saboda duk murɗin da ke rabin saƙar ɓangare ɗaya yake fuskanta. Masu sana'ar suna kiran fuskokin biyu da haruffan S da Z, bisa yadda zaren yake karkata, kuma idan rabin sama Z ne, rabin ƙasa S zai zama. Maganin da ya fi sauƙi shi ne a jiƙa ƙyallen, a shimfiɗa shi da siffar da ake so, a danne ko a kafe shi da fil har ya bushe. Magani na dindindin shi ne a koyi saƙa fuskokin biyu, a riƙa yin wasu sahu da wannan, wasu da wancan, sai ƙarfin murɗin ya daidaita. Daga wannan sauyin ne ake fitar da zane mai kusurwa uku da mai lu'u-lu'u ko da zaren launi ɗaya ne, domin haske yana sauka daban a kan kowace fuska.

Na ga rami a saƙata. Me ya faru, kuma yaya zan gyara?

Rami yana nufin zare biyu maƙwabta ba su sarƙe ba a wurin da ya kamata, galibi saboda an ɗauko biyu a haɗe ko an saki biyu a haɗe ba da niyya ba. Hanyar kama shi da wuri ita ce, bayan kowane sahu a ƙirga zaren gaba a tabbatar adadinsu daidai yake da na baya, sannan a buɗe ƙyallen ta faɗi a duba idanunsa. Idan kuskuren yana sahun baya-bayan nan, sai a koma kan igiyar tsaro ta baya a sake. Idan ya yi nisa, ba sai an warware faɗin saƙar duka ba, ana iya warware zaren da ke kewaye da wurin kawai, a gyara, a sake saƙa su da ƙugiya. A tuna cewa kuskuren yana da takwara a rabin ƙasa, kuma gyaran sama shi ne gyaran ƙasa.

Wannan ramin da yake ɓata wa mai koyo rai shi ne tushen adon leshi na sifirang. Idan a tsakiyar sahun farko aka saki biyu kamar an zo ƙarshe, sannan aka ɗauko biyu kamar an fara sabon sahu, tsaga za ta fito a daidai wurin da aka zaɓa, kuma da jera irin waɗannan ramuka ake zana furanni da haruffa da lambobi.

Yaya ake auna girman abin da za a saƙa?

Da gwaji. Sifirang tana buɗewa sosai ta faɗi, kuma duk yadda ta buɗe tsawonta yana raguwa, don haka awon da aka yi a kan firam ba shi ne awon da za a samu a jiki ba. A saƙa ɗan samfuri da zaren da za a yi aikin da shi, a cire shi, a buɗe shi gwargwadon yadda za a sa shi, sannan a ƙirga zare nawa suka cika santimita 5 ta faɗi, a kuma auna nawa tsawon ya ragu daga na wadari. Da waɗannan lambobi biyu ake lissafa hula ko safa.

Bahago zai iya?

Zai iya. Ya fara daga gefen hagu ya juya aikin hannuwan, abin da zai sauya kawai shi ne fuskar murɗin.

Yaya ake saƙa abu mai tsawo kamar ɗamara, alhali firam gajere ne?

Da wadarin zobe. Maimakon a ɗaure zaren sama da ƙasa, ana zagaya shi kewaye da sanduna biyu ya zama zobe, sai a riƙa tura takwaran kowane sahu ya bi ta bayan firam ya dawo ya zauna kusa da wurin da aka fara. Ta haka ake samun ƙyalle mai tsawon kusan ninki biyu na firam, tsakiyarsa a wurin farawa, kuma idan an gama sai a yanke zaren da ya rage ya zama geza a bakin biyu. Bai kamata a fara wannan ba sai hannu ya zauna a kan jaka da hula, domin tura sahu ta wannan doguwar hanya yana neman zare mai santsi da wadari mai daidaito.

Da sifirang aka saƙa jajayen ɗamarun siliki da hafsoshin sojan Turai suke ɗaurawa a ƙarni na 18. Wadda ta fi shahara ita ce ta Janar Edward Braddock na Birtaniya, wanda aka yi wa mummunan rauni a yaƙin kogin Monongahela da ke Amurka ta Arewa a watan Yulin 1755, ya rasu bayan 'yan kwanaki, ɗamarar kuma ta koma hannun George Washington, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka na farko. Ana ba da labarin cewa a cikinta aka ɗauke Braddock daga filin daga, abin da ba zai ba wanda ya taɓa buɗe ƙyallen sifirang ta faɗi mamaki ba. Tana ajiye a Mount Vernon, gidan Washington da ke jihar Virginia, kuma a jikinta akwai shekarar 1709 da aka rubuta da irin ramukan nan da aka yi bayani a sama.